Mabuɗin na'ura a hannun manhaja: dalilin da ya sa Linux ke ƙara tsuke hanyar mmap a direbobi

Masu rubuta direba a Linux, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa na'ura daga cikin kanel, zuciyar tsarin, da masu haɗa ƙananan alluna irin su Raspberry Pi sun yi ta cin karo da abubuwa uku a 'yan shekarun nan. Direban da ya daɗe yana aiki lafiya ya ƙi haɗuwa da kanel 6.3 na watan Afrilun 2023, saboda layin da ke rubutu kai tsaye cikin vm_flags, tutocin da ke bayyana halin yankin memori, ya zama haramtacce. Manhajar da ta saba buɗe /dev/mem, fayil ɗin da ke kaiwa ga memorin injin kai tsaye, ta taɓa rajistar na'ura ta fara samun EPERM, wato saƙon hana izini, ko da root, mai cikakken iko a injin, ne ya kunna ta. Sannan a kanel 6.16 na Yulin 2025 aka shigo da wata sabuwar ƙofa mai suna mmap_prepare, wadda ake son ta gaji tsohuwar, wato mmap, hanyar da direba ke jona wa manhaja wani yanki na memori. Mutane da dama na ɗaukar waɗannan a matsayin matsaloli uku mabambanta, alhali duk a kan abu ɗaya suke haɗuwa: da zarar direba ya jona wa manhaja wani yanki na memori, ya fita daga tsakani, ba ya ƙara ganin abin da ake karantawa ko ake rubutawa. Duk wani bincike da bai yi kafin jonawar ba ya riga ya kuɓuce masa.

## Adireshin aro da adireshin ainihi

Kowace manhaja mai gudana tana ganin memori ne ta adireshin aro, wato lambobin da ba su ne ainihin wurin da bayanan suke a RAM ba. Wani sashe na firosesa, MMU, shi ke fassara adireshin aro zuwa na ainihi, yana duba teburin shafuka da kanel ya rubuta wa manhajar. Fassarar shafi-shafi ake yin ta. A x86 shafi bayit 4096 ne, a arm64 kuma yana iya zama 4K ko 16K ko 64K gwargwadon yadda aka gina kanel. Idan aka raba adireshin ainihi da girman shafi, abin da ya fito shi ne lambar firam, wadda ake kira PFN.

Adireshin ainihi ba RAM kaɗai yake nunawa ba. Na'urori ma suna da nasu yankin a ciki. Katin PCIe yana bayyana rajistocinsa ta tagogin da ake kira BAR, rajistocin GPIO, wato filogan allo da ake haɗa fitila ko maɓalli da su, na Raspberry Pi 4 kuma suna zaune a 0xFE200000. Rubuta lamba a irin wannan adireshi umarni ne: fitila ta kama, ko katin sadarwa ya fara aika fakiti. Wani lokacin karantawa kaɗai ma tana canza yanayin na'urar.

A al'ada manhaja na neman bayanai ta read da write da ioctl, kanel ya kwafa mata. Kwafin nan yana da tsada idan kayan sun yi yawa. Hoton allo ɗaya mai girman 1920 sau 1080, kowane ɗigo bayit 4, ya kai bayit 8,294,400, wato shafuka 2025 cif. Sau 60 a daƙiƙa ya kusa megabayit 500. Shi ya sa kyamarori ta V4L2, sauti ta ALSA, katin hoto ta DRM, da io_uring suke bin mmap: a jona mazubin sau ɗaya, daga nan manhaja da na'ura ko kanel su riƙa musayar kaya a wuri guda ba tare da kwafi ba.

## Abin da ke faruwa idan manhaja ta kira mmap

Manhaja ta buɗe fayil ɗin na'ura, ta kira mmap da tsawon da take so, izinin karatu ko rubutu, da kuma tazara daga farkon fayil ɗin. Kanel ya zaɓi fili a cikin adireshinta na aro, ya shirya takardar yanki mai suna vm_area_struct, ya miƙa wa direba. A cikin takardar akwai farko da ƙarshen filin, akwai vm_pgoff wato tazarar da manhaja ta nema a lissafin shafuka, akwai vm_page_prot mai ƙayyade halin shafukan, akwai tutocin vm_flags. Tsawo da tazara duka daga hannun manhaja suka fito, kuma manhajar na iya zama ta ɓarawo.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Direba na iya cike teburin shafuka nan take da remap_pfn_range. Ko kuma ya bar teburin wayam, ya ajiye aikin fault a vm_ops, jerin ayyukan da kanel ke kira a kan yankin, sai manhaja ta taɓa shafi a karon farko firosesa ya yi tuntuɓe, kanel ya kira direba ya kawo shafin. Ta farko ta fi sauƙin rubutawa. Ta biyu ta fi dacewa da memorin da ke iya sauya wuri ko wanda za a so a janye daga baya, kuma ita direbobin katin hoto suka fi bi.

Wane aiki za a kira ya danganta ne da asalin memorin, kuma nan ne sababbin hannu suka fi faɗawa rami. Rajistocin na'ura ana jona su da io_remap_pfn_range ko vm_iomap_memory. Shafukan da aka samo ta alloc_pages ana saka su da vm_insert_page, wanda ke ƙara ƙidayar masu riƙe da shafin, don haka shafin ba zai koma rumbun kanel ba muddin manhaja na riƙe da shi. Memorin vmalloc a jere yake a adireshin aro amma a warwatse yake a RAM, saboda haka ba a jona shi da kira ɗaya na remap_pfn_range. Ana samo shi da vmalloc_user, a jona da remap_vmalloc_range. Mazubin DMA, wanda na'ura ke karantawa da rubutawa da kanta a RAM, da aka samo ta dma_alloc_coherent kuwa sai dma_mmap_coherent. Masu ɗaukar adireshinsa su bi da shi ta virt_to_phys sukan ga ya yi aiki a kwamfutar x86, amma a allon ARM, ko inda IOMMU, mai fassara adireshi ga na'urori, ke aiki, su jona wa manhaja wani wuri dabam. Akwai ƙaramin tarko a nan ma: dma_mmap_coherent yana ɗaukar vm_pgoff a matsayin tazara cikin mazubin, don haka direban da ke amfani da lambar wajen zaɓen mazubi dole ya mayar da ita sifili kafin kiran.

Memorin kmalloc, wanda kanel ke rabawa gutsure-gutsure, bai dace da wannan aiki ba sam. Ƙaramin yanki na kmalloc yana zaman haya ne a shafi ɗaya da wasu kayan kanel, jonawa kuma ba ta san rabin shafi ba. Wanda ya jona bayit 256 ya ba da 4096, har da kayan maƙwabta. Haka nan shafin da ba a share shi da sifili ba, ta __GFP_ZERO misali, yana isa hannun manhaja ɗauke da ragowar bayanan wanda ya yi amfani da shi a baya.

## Ma'ajiyar kusa da rajistar da ba ta amsawa

Firosesa na ajiye kwafin abin da ya karanta a ma'ajiyar kusa domin sauri. Ga RAM wannan alheri ne. Ga rajistar na'ura kuwa ɓarna ce, domin manhajar da ke jiran wata rajista ta canza za ta yi ta karanta tsohon kwafi har abada, umarnin da ta rubuta kuma ya zauna a ma'ajiyar bai isa ga na'urar ba. Shi ya sa kafin jona rajistoci direba ke gyara vm_page_prot da pgprot_noncached. Ko vm_iomap_memory, duk da sauƙin da ya kawo, ba ya yin wannan da kansa.

Tsakanin biyun akwai pgprot_writecombine, inda firosesa ke tara ƙananan rubuce-rubuce ya aika su a dunƙule. Ya dace da memorin hoto, inda ba a damu da wane ɗigo ya riga isa ba. Bai dace da rajistar umarni ba, domin jerin isowa na iya sauyawa. A sysfs, fayilolin da kanel ke bayyana na'urori ta cikinsu, ana ganin bambancin a fili: na'urar PCI na da fayil resource0, kuma idan tagar ta cancanta akwai resource0_wc a gefensa.

A arm64 memorin da aka yi wa alamar na na'ura ba ya karɓar taɓawar da ba ta daidaita da iyakar girmanta ba. Manhajar da ta jona BAR sannan ta kira memcpy a kai na iya mutuwa da SIGBUS, siginar taɓa memori ba daidai ba, saboda memcpy na laburaren C yana amfani da manyan umarnin kwafi da ba su damu da daidaito ba, alhali layin nan ɗaya yana wucewa lafiya a x86. Maganin shi ne a taɓa rajistoci da ma'aunin da takardar na'urar ta faɗa, galibi bit 32 a kowane karo, ta manuni mai alamar volatile, a sa shingen jeri inda jeri ke da muhimmanci. A PCIe kuma rubutu ba ya jiran amsa. Mai son tabbatar da cewa umarninsa ya isa sai ya karanta wata rajista ta na'urar. Idan karatun ya dawo da 0xFFFFFFFF, sau da yawa na'urar ce ta ɓace daga layi.

## Lissafin tazara, inda aka fi zubar da jini

A ɗauki injin bit 32 mai tsohon kanel da direba mai mazubin kilobayit 64. Direban ya mayar da vm_pgoff zuwa bayit ta hanyar ninka shi da 4096, ya tara da tsawon da aka nema, ya ƙi idan jimillar ta wuce girman mazubi. A ido binciken ya cika. Sai manhaja ta nemi tazarar 0xFFFFF000 da tsawon 0x2000. Jimillar ta zarce abin da bit 32 ke iya ɗauka, ta zagayo ta koma 0x1000, ƙasa da kilobayit 64, bincike ya ce a wuce. Da direba ya tara tazarar da farkon mazubi, ita ma ta zagayo ta sauka shafi ɗaya kafin mazubin. Mai harin da ya gyara lambobinsa zai iya jona wa kansa babban yanki na RAM, har da na kanel, ya nemo inda aka ajiye shaidar izinin manhajarsa ya mayar da ita ta root.

Irin wannan kuskure ne aka samu a fb_mmap na direban allo a 2013, mai lamba CVE-2013-2596 a kundin raunin tsaro, wanda aka yi amfani da shi wajen fasa wasu wayoyin Android. A watan Afrilun shekarar Linus Torvalds ya rubuta vm_iomap_memory domin direbobi su daina yin lissafin da kansu: a ba shi farkon yanki da tsawonsa, shi ya duba sauran. Duk da haka a 2018 aka sake gano kusan kuskuren nan a direban udl na na'urorin DisplayLink, CVE-2018-8781. Binciken da ba ya zagayowa ana yin sa ne a lissafin shafuka kuma da ragi: a ƙi idan vm_pgoff ya kai ko ya wuce adadin shafukan mazubi, a kuma ƙi idan shafukan da aka nema sun fi abin da ya rage bayan an cire vm_pgoff.

Wani lokacin ma ba a bukatar dabara. A Disambar 2012 aka gano cewa wayoyin Samsung masu Exynos 4210 da 4412, ciki har da Galaxy S2 da S3 da Note II, suna da fayil /dev/exynos-mem da kowace manhaja ke iya buɗewa, kuma yana jona RAM ɗin wayar. An yi shi ne domin kyamara da hoto su sami mazubi cikin sauƙi.

Izinin rubutu ma yana da ƙofar baya. Direban da ya ƙi jonawar da ta zo da VM_WRITE amma ya bar VM_MAYWRITE bai rufe komai ba, domin manhaja za ta jona a matsayin mai karatu kawai, sannan ta kira mprotect ta ƙara wa kanta rubutu, kuma ba za a sake tambayar direba ba. Dole a share tutar ta biyu da vm_flags_clear.

## Wa ya riga mutuwa, mazubi ko jonawa?

Rufe fayil da close ba ya warware jonawa. Takardar yankin tana riƙe da fayil ɗin, don haka aikin release na direba ba ya gudana sai an yi munmap na ƙarshe ko manhajar ta mutu. Sakin mazubi a release lafiya ne. Matsala na zuwa ne idan an sake shi ta wani ioctl, ko lokacin da aka zare na'urar, alhali wata manhaja na riƙe da shi. remap_pfn_range ba ya ƙidayar masu riƙe da shafi. Shafin zai koma rumbu, kanel ya ba wani aiki, ƙila ma ya zama teburin shafuka, ita kuwa manhajar tana da izinin rubutu a kansa. Kiran fork, wanda manhaja ke haifar kwafin kanta da shi, ma na ninka jonawar, shi ya sa ake sa open da close a vm_ops domin ƙidaya. Janye jonawa da ƙarfi ana yin sa da unmap_mapping_range ko zap_vma_ptes, sannan aikin fault ya riƙa mayar da SIGBUS. Gyaran da aka yi wa VFIO, tsarin miƙa na'ura ga manhaja kai tsaye, a 2020 bayan CVE-2020-12888 ya bi wannan hanya ne: idan an kashe tagar memorin na'urar PCI, a share jonawar kafin wani ya taɓa ta.

Yankin da aka jona da lambar firam zalla yana ɗauke da tutocin VM_IO da VM_PFNMAP, kuma suna da sakamako. get_user_pages, aikin da kanel ke riƙe shafukan manhaja da shi, ba ya aiki a kansa, saboda haka karanta faifai da O_DIRECT kai tsaye cikin irin wannan mazubi kan dawo da kuskuren EFAULT. Ba ya shiga fayil ɗin core, kwafin memorin da ake ajiyewa idan manhaja ta faɗi, gdb mai binciken kurakurai ma ba ya iya leƙa shi sai direba ya tanadi aikin access.

## Yadda aka yi ta rufe ƙofofi

/dev/mem shi ne tsohuwar ƙofar da ke buɗe adireshin ainihi baki ɗaya. Tun wajen 2008 zaɓin CONFIG_STRICT_DEVMEM ya hana taɓa RAM ta nan, in ban da megabayit na farko a x86. A kanel 4.5 aka ƙara CONFIG_IO_STRICT_DEVMEM, wanda ke hana taɓa yankin na'urar da wani direba ya riga ya kama. Kalmar iomem=relaxed a layin tayar da kanel na sassauta wannan na biyu, amma ba ta buɗe RAM. A 5.4 na 2019 tsarin lockdown ya shigo, wanda ke rufe /dev/mem ga kowa har root, kuma Ubuntu da Fedora na kunna shi idan Secure Boot na aiki. /dev/kmem kuwa an cire shi ɗungurungum a 5.13.

An buɗe wasu ƙofofin a madadinsu. UIO, tun 2.6.23, yana bai wa manhaja yankunan na'ura ɗaya kawai, ana zaɓen yanki na N da tazarar N sau girman shafi. Rauninsa shi ne ba ya tsare DMA, don haka manhajar da ke iya umartar na'ura na iya sa ta rubuta ko'ina a RAM. VFIO, tun 3.6 a 2012, ya toshe wannan da IOMMU, kuma shi DPDK mai sarrafa katin sadarwa da QEMU mai kwaikwayon kwamfuta suka fi dogara da shi. Raspberry Pi na da /dev/gpiomem mai buɗe shafin GPIO kaɗai.

Canjin 6.3 daga wani ɓangaren ya fito. Ana shirin bai wa kowane yanki makullinsa ne domin tuntuɓen shafi ya daina jiran babban makullin manhaja, sai ya zama dole duk mai canza tuta ya bi ta vm_flags_set ko vm_flags_clear, waɗanda ke kula da makullin. mmap_prepare, aikin Lorenzo Stoakes, ya ƙara gaba. Tsohuwar hanya na miƙa wa direba takardar yanki da ba a gama ginawa ba, ya taɓa abin da ya ga dama, in ya gaza a tsakiya kanel ya sha wahalar kwance abin da aka ɗaura. Sabuwar na ba shi taƙaitaccen bayani mai suna vm_area_desc tun kafin a ƙirƙiri yankin, ya faɗi abin da yake so, kanel ya aiwatar. Tsare-tsaren fayil aka fara mayarwa kanta, tsohuwar ƙofar na nan tana aiki, amma ba a sa su biyu a direba ɗaya.

## Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu kula da sashen memori na kanel na cewa ɗaruruwan direbobi na maimaita lissafi ɗaya, kowanne da irin nasa kuskuren, kuma tarihin 2012 zuwa 2018 na goyon bayansu. Masu aikin alluna da kamfanonin da direbobinsu ke wajen babban kanel na cewa kowane sabon fitowa na karya musu aiki, kuma injiniyan da ke gwada sabon FPGA, cif ɗin da ake iya sake tsara shi, a kan teburinsa ba ya bukatar kariya daga kansa. Su ma suna da gaskiya ta fuskar wahala. Duba lambar kanel da LINUX_VERSION_CODE ba ya wadatarwa, tunda Red Hat na dawo da sababbin canje-canje cikin kanel mai tsohuwar lamba, sai dai a gwada samuwar aikin a lokacin gini. Sai dai Linux bai taɓa yin alkawarin daidaiton hanyoyinsa na ciki ba. Alkawarinsa ga manhajoji ne, kuma kiran mmap da manhaja ke yi bai canza ba.

Dogaro da adireshi tsayayye ma na da nasa ajalin ko ba a rufe ƙofa ba. A Raspberry Pi 5 an mayar da GPIO cikin wani cif dabam, RP1, da ke bayan PCIe, laburaren da suka haddace tsohon adireshi suka daina aiki, masu bi ta direban kanel da libgpiod kuma suka ci gaba. Kanel ɗin allon na amfani da shafin 16K, saboda haka manhajar da ta rubuta 4096 da hannu maimakon ta tambayi girman shafi ta sysconf na iya samun kuskuren EINVAL.

## Inda abin ya shafi mai waya da mai kwamfuta

A Android, direban katin hoto na cikin 'yan direbobin da kowace manhaja ke iya buɗewa ba tare da neman izini ba, kuma babban aikinsa jona memori ne da janye shi. A Oktoban 2023 kamfanin Arm ya sanar da CVE-2023-4211 a direban Mali, inda manhaja marar gata ke iya taɓa memorin da aka riga aka saki, ya kuma ce akwai alamun an yi amfani da shi a hare-hare kan zaɓaɓɓun mutane. Mali na cikin cif-cif da yawa na MediaTek da Unisoc, waɗanda ke cikin ɗimbin wayoyin Tecno da Infinix da itel da ake sayarwa a Kano da Maraɗi. Gyaran irin wannan direba ba ya zuwa ta Play Store a yawancin wayoyi. Sai ya bi ta mai cif, ya bi ta mai waya, ya iso a sabuntawar tsarin wayar, kuma wayar da aka daina sabuntawa ba za ta same shi ba.

Windows na fama da irin wannan ta wata fuskar. Microsoft ya hana manhajoji buɗe memorin ainihi kai tsaye tun zamanin Windows Server 2003, amma direbobin wasu kamfanoni masu sa hannun amincewa sun ci gaba da miƙa shi ga duk wanda ya nema. Masu harin neman kuɗin fansa na BlackByte sun yi amfani da RTCore64.sys na MSI Afterburner a 2022 wajen makantar da manhajojin tsaro. Daga Windows 11 na 2022 jerin direbobin da aka haramta na aiki tun daga farko, shi ya sa wasu tsofaffin manhajojin sarrafa fanka da fitilun kwamfuta ke ƙin tashi bayan sabuntawa, har sai masu su sun fitar da direban da ke karɓar takamaiman umarni maimakon miƙa adireshi.